Hazon da Na Haɗa da Ganyen Darbejiya

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da hayaƙin ganyen darbejiya ya ja mini a gaban mutanen ƙauye guda. Kwanan baya abin ya dawo mini sabo, da jikata da ke jami'a ta zauna kusa da ni tana haɗa ɗan fim a wayarta. Ta jera 'yan tsana a kan tebur, ta ɗauke su hoto, ta dangwala yatsa, sai ga hazo ya sauko a kansu. Bai yi mata ba, ta goge, ta sa wani. Duk wannan kafin shayina ya huce. A zamaninmu kuwa, abin da ka ɗauka yau ba ka ganinsa sai bayan mako shida, in an wanko shi an dawo da shi. Kuskurenka yana kulle cikin gwangwani, ya tafi Legas, ya hau jirgi, ya dawo, kai kuma kana nan gari kana karɓar yabo.

Lokacin Minna ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ni haifaffen garin ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo kakana, amma na yi shekara goma sha ɗaya a waje. Na riƙe fitila a wuraren ɗaukar fim a Alƙahira, na ja wayar lantarki a Bombay, sannan na yi mako shida a Cekoslobakiya, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake yin fim da 'yan tsana. (Mako shida ne cif, amma in ina ba da labari sai in ce "lokacin da nake karatu a Turai", in bar mai sauraro ya ƙiyasta shekarun da kansa.) Na dawo gida da Larabci da Turanci da Faransanci, da ɗan Indiyanci na sayen abinci, da jakar fata wadda ba na rabuwa da ita. Aka ɗauke ni aiki a wani sashe da ke yin fina-finan wayar da kai, ana yawo da su ƙauyuka a motar majigi.

Ga wanda bai san wannan sana'a ba, ga yadda take. Ka tsayar da 'yar tsana, ka ɗauki hoto ɗaya. Ka matsar da ƙafarta kamar faɗin tsinken tsintsiya, ka sake ɗauka. Haka za ka yi ta yi. In aka jera hotunan aka sake su da sauri, sai ido ya ga tana tafiya. Kowace daƙiƙa ɗaya ta fim tana cin motsi goma sha biyu. Sharaɗin aikin ɗaya ne: duk abin da ba kai ka matsar da shi ba, to kada ya motsa. Wannan na san shi. Na ma sha faɗa wa mutane shi, cikin harsuna daban-daban.

Aka ce a yi fim a kan ciwon kurkunu, a nuna wa mutane su riƙa tace ruwan tafki da ƙyalle kafin su sha. Na ce a bar mini. Maimakon a ɗauko 'yan wasa, zan gina ƙauye ɗan ƙarami a kan tebur, kuma ba ƙauyen ƙirƙira ba, wani ƙauyen ƙabilar Gbagyi na gaske da ke can ƙasan kogin Chanchaga, inda ciwon ya kwantar da manoma da yawa. Dabarata ita ce in mutum ya ga gidansa da idonsa a allo, saƙon zai shige shi.

Wadda ta gina mini ƙauyen ita ce Mama Saratu, maginiyar tukwane, 'yar ƙauyen, mai kimanin shekara sittin. Amma kafin ta taɓa yumɓu sai da aka yi zama. Dattawan garin ba su so a yi siffar gidajensu a ɗauke ta a kai birni ba. A wurinsu, wanda ya riƙe siffar gidanka ya riƙe wani abu naka, kuma abin da aka yi wa ƙaramin yana iya samun babban. Ni na yi murmushi irin na wanda ya ga duniya. Mama Saratu ba ta yi murmushi ba. Ita ta miƙe a gabansu ta ɗauki alkawari: da hannunta za ta gina, idonta zai tsaya a kai, ba abin da zai sami gidan kowa. Da bakinta aka yarda, ba da takardar ofishinmu ba.

Na kama wani shago a unguwar Fadikpe, kusa da na Alhaji Mamman mai katifa. Mama Saratu ta yi mako uku tana aiki. Ɗakuna kamar kofin shayi, jinkarsu ta busasshiyar ciyawa, rumbuna a kan 'yan duwatsu, har da itacen ɗorawa da ke tsakar gari. Ta yi rumbuna uku na wani dattijo, Baba Yakubu, waɗanda ya sake ginawa bayan gobara ta cinye na farko da dawar shekara guda a ciki. Tafkin kuma gilashin taga ne da muka shafa wa shuɗi ta ƙasa. Ni na yi mutanen da waya da tsumma da kakin zuma, mata bakwai da tuluna a ka.

Ta dube su ta ce, "Mai hoto, waɗannan matan ina ne?"

"Naku ne, Mama."

"Namu ba su ɗora kaya a kai. Kai na tunani ne. A kafaɗa muke ɗauka. Kai ba a nan aka haife ka ba?"

A nan aka haife ni. Tun ina yaro nake ganin matan Gbagyi suna shigowa kasuwa da kaya a kafaɗa. Na sauke tulunan na mayar kafaɗa, na ce ai gwaji nake yi. Da ina da wayo, da daga nan na fara saurarenta.

Fim ɗin zai buɗe ne da sassafe: farin hazon nan na ƙarshen damina kwance a kan tafki, rana tana leƙowa ta bayan rumbuna, mata suna tafiya ɗibar ruwa. To, ina zan sami hazo? A Alƙahira da Bombay na ga yadda ake yi, hayaƙi ake busawa. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne can mutane ake ɗauka, kyamara tana gudu tare da hayaƙin. A ɗakin 'yan tsana na Turai kuwa, cikin mako shidan nan nawa, ko sau ɗaya ba a yi hazo a gabana ba. Sai na haɗa ilimin can da na can, na sami abin da babu shi a ko'ina.

Na sa garwashi a kasko, na zuba ɗanyen ganyen darbejiya, na riƙa kora hayaƙin kan ƙauyen da mafici. In ya kwanta yadda nake so, sai in danna kyamara. In matsar da mata bakwai, in sake fifita, in sake dannawa. Fitowar rana kuma, na ɗauko fitilar ƙwai na naɗe gilashinta da jar takarda mai sheƙi, na ɓoye ta bayan rumbunan Baba Yakubu. Wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka na buɗe taga na bar hasken Allah ya cike sauran. In ka leƙa ta idon kyamara, wallahi kowane hoto shi kaɗai abin a rataye a bango ne.

Rana ta biyu Mama Saratu tana zaune a bakin ƙofa tana tari, ta ce, "Mai hoto, ka ce abin da ba ka taɓa ba kada ya motsa."

"Haka ne, Mama."

"To wannan hayaƙi wa ya riƙe shi? Shekara arba'in ina gasa tukwane, ban taɓa ganin ya tsaya wuri ɗaya ba. Fitilar nan ma harshenta rawa yake yi."

Na yi mata bayani mai tsawo, har da sunan hazo a Faransanci. Alhaji Mamman, wanda hayaƙin ya koro daga shagonsa, ya leƙo yana share hawaye da hannun riga.

"Malam, don Allah fim kake yi ko sauro kake kora? Katifuna duk sun ɗau wari. Ga audugar rimi buhu-buhu a wurina, in fari kake nema ka ɗiba ka shimfiɗa, ita ba ta zuwa ko'ina."

Na ce, "Alhaji, auduga ai ta katifa ce. Wannan aikin fasaha ne."

Ya ce, "To, Allah ya ba fasaha lafiya," ya koma.

Kwana goma sha tara na yi ina shaƙar darbejiya. Aka rufe fim a gwangwani aka aika wanki. Ya dawo ranar da aka sa za a nuna shi, da hantsi, kuma injin majigi yana cikin mota tun jiya. Mai gidana a ofis ya ce ko a ɗaga ranar mu fara kallo tukuna. Na ce ranka ya daɗe, babu buƙata, kowane hoto da idona na gan shi. (Wannan gaskiya ce. Ɗaya bayan ɗaya na gan su. A jere ne ban taɓa gani ba.)

Bayan azahar muka taru a ajin makarantar firamare ta ƙauyen, aka toshe tagogi da barguna. Dattawa a kan benci a gaba, mata a baya, Mama Saratu a gefe ta ɗaura sabon zane. Fim ɗin ba shi da murya, ni zan yi bayani da lasifika. Na rubuta jawabina na haddace, kuma don in ga yadda fuskokinsu za su yi, sai na tsaya ina fuskantar jama'a, allo yana bayana.

Injin ya fara ƙara. Na gyara murya.

"Jama'a, ga ƙauyenku da sanyin safiya. Ku dubi yadda gari ya waye lafiya."

Na ji ajin ya ɗauki wani irin gunaguni. Na ce a raina, sun gane gidajensu.

"Ga hazo ya kwanta a hankali. Ga rana tana fitowa ta bayan rumbunan Baba Yakubu, alamar albarka."

Wata mata ta dafe kai ta saki ƙara. Na ce a raina, ban san aikin ya kai haka kyau ba. Na ƙara ɗaga murya.

"Ga iyayenmu mata sun fito ɗibar ruwa, cikin natsuwa, ba gaggawa."

Sai direban motar majigi ya jawo hannun rigata ya ce, "Oga, juya ka gani."

Na juya. Hayaƙin da na kwantar hoto bayan hoto, kowanne da siffarsa daban, da aka sake su a jere sai ya zama yana tsalle, yana tuƙuƙi, yana murɗawa sama. Jar fitilata tana haske tana dushewa, tana lasar jinkar rumbunan Baba Yakubu. Hasken taga, da yake wani hoton na safe ne wani na la'asar wani kuma hadari ya rufe rana, sai walƙiya yake yi, inuwar ɗakuna tana wulwulawa hagu da dama. A tsakiyar wannan duka ga mata bakwai da tuluna a kafaɗa sun nufi tafki. Babu mahaluƙin da zai kalli allon nan ya ga safiya. Gobara ce sosai, har da masu gudun ɗebo ruwan kashe ta.

Na taɓa jin kunya a ƙasashe da yawa. Na taɓa ɓata a tashar jirgin ƙasa a Bombay, na taɓa gaishe da limami a Alƙahira da gaisuwar da ake yi wa mai jego. Amma can baƙo ne ni, baƙo kuwa ana yi masa uzuri. Nan gida ne.

Aka kashe injin, aka yaye bargo ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Baba Yakubu ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai ko dube ni ba. Mama Saratu ya duba, ya yi magana gajeriya da Gbagyi, ya fita. Sauran dattawan suka bi shi.

Ni mai harsuna, ban ji ko kalma ɗaya ba. Harshen mutanen da aka haife ni a cikinsu ne, sai da na tambayi malamin makarantar.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Cewa ya yi, ke kika ce ba abin da zai sami gidan kowa."

Ranar ba wanda ya ambaci kurkunu, balle ƙyallen tace ruwa.

Kwana huɗu ban iya komawa ba. Da na koma, na tarar da Mama Saratu ita kaɗai a bayan gida tana cuɗa yumɓu. Ashe tun ranar matan da suke zuwa ramin yumɓu tare sun daina biyo mata, Baba Yakubu kuma ya sa an kwashe dawarsa daga rumbunan an raba gidajen 'yan'uwa, yana jiran abin da aka nuna ya auku. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ina bayanin yadda hoto ke bin hoto.

Ta ce, "Mai hoto, bar wannan. Kai gobe mota za ta kai ka wani gari. Ni a nan za a binne ni. Maganata ce ta faɗi a ƙasa, ita nake so ka ɗaga."

Muka tafi wurin Baba Yakubu tare, ita tana fassara. Na ce laifina ne, ba nata ba, ta gargaɗe ni na ƙi ji. Na roƙi a bar ni in sake. Ya daɗe yana kallon jakar fatata, sannan ya kafa sharaɗi biyu: a dawo da ƙaramin ƙauyen cikin babban, kuma duk abin da za a yi masa a yi a gaban idonsa, ba wuta, ba hayaƙi.

Sauran fim ɗin da ya rage mini bai fi na minti biyu ba, kuma mai gidana ya ce daga shi ba ƙari. Na je wurin Alhaji Mamman, na yi sallama da murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "A'a, fasaha ce da kanta? Me za a ba ta?"

Na ce, "Audugar katifa, Alhaji."

Ya cika mini buhu, ya ƙara mini da tsohon gidan sauro, ya ce in rataya shi tsakanin kyamara da ƙauyen, abin da ke nesa zai yi dishi-dishi. Shi da bai taɓa leƙa idon kyamara ba.

A ɗakin ajiya na makarantar muka yi aikin. Muka toshe kowace kafa da barguna da tabarmi har sai da ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Haske kuma fitilar babur ce da batirin mota, guda biyu muna musanyawa kafin ɗaya ya yi sanyi, don hasken hoton farko ya zama daidai da na ƙarshe. Rana ta zama farin faranti da ke mayar da haske a hankali ta gefen itacen ɗorawa, nesa da rumbun kowa. Gidan sauro ninki biyu a gaban ɗan tsaunin da muka kafa a bayan ƙauyen, ninki ɗaya a tsakiya. Audugar rimi muka tsefe ta har ta yi kamar numfashi, muka shimfiɗa a kan gilashin tafki.

Baba Yakubu yana zaune a kan kujera, sanda a tsakanin gwiwoyi. Rana ta biyu, ina tura audugar daga gari zuwa tafki, sai ya yi magana.

Mama Saratu ta ce, "Ya ce ba haka yake tafiya ba. Daga ruwa yake tashi, ya bi kwari, sai rana ta taɓa shi ya watse ta sama. Ya ce kai ka taɓa fita gona da asuba kuwa?"

Ban taɓa ba. Na miƙa masa tsinken tsintsiya. Tsohon nan ya matso da kujerarsa, ya riƙa tura auduga kaɗan-kaɗan, ya ɗaga hannu, in danna, ya sake turawa. Hannunsa ya fi nawa natsuwa nesa ba kusa ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi haka, shi da hazo, Mama Saratu da mata bakwai, ni kuma da na zagaya duniya aikina danna maɓalli in an ce in danna.

Da fim ɗin ya dawo, sai da na kalle shi sau uku ni kaɗai kafin in bari wani ya gani. A ajin nan dai muka sake taruwa. Na miƙa wa Mama Saratu lasifika, na koma baya na zauna cikin jama'a, fuskata tana kallon allo. Hazo ya taso daga tafki a hankali, ya bi kwari, ya watse. Mata suka isa bakin ruwa, ta farko ta ɗaura ƙyalle a bakin tulu. Mama Saratu tana bayani da Gbagyi, ana amsa mata. Can Baba Yakubu ya ɗaga sanda ya nuna allo ya faɗi wani abu, ajin ya fashe da dariya. Malamin makaranta ya raɗa mini: "Ya ce hazon nasa ne, a lura da kyau."

A makon nan ya mayar da dawarsa rumbu. Da na je sallama, na iske mata biyar a bayan gidan Mama Saratu suna cuɗa yumɓu tare, a bakin randarta kuma ga ƙyalle a ɗaure. Ƙaramin ƙauyen ba a ba ni shi ba, ban kuma tambaya ba.

Na ba jikata wannan labari, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai yanzu waya ce ke yin komai. Haka ne. Amma na ce mata wayar ba za ta gaya mata ta inda hazo ke tashi ba, sai ta nemi wanda ya saba fita da asuba. Darasin da na samu bai wuce wannan ba: in maginiyar tukwane ta yi maka magana a kan hayaƙi, ka ajiye Faransancinka ka saurara.

Kurkunu dai yanzu babu shi a ƙauyen, akwai rijiyar burtsatse a inda itacen ɗorawa yake. Ni kuma daga wannan rana ban sake yi wa jama'a bayanin abin da ban juya na gani da idona ba, kuma na koyi Gbagyi, harshe na ƙarshe da na koya, wanda ya kamata ya zama na biyu.